Tsohon Akwatin Wasa

Cikin shekarar 2000 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da wani akwatin wasa, PlayStation 2, wanda a kan haɗa da talabijin a sa masa faifai. Magajinsa ya fito a 2006, amma ba a daina yi wa tsohon sababbin wasanni ba sai 2013.

Waɗansu sun ce an daɗe ainun, wai tsohon akwati ba ya ɗaukar gwanintar da sabo ya ke ɗauka. Gaskiyarsu. To, amma fa an sayar da fiye da miliyan 150, kuma ba kowane magidanci ke da kuɗin sabo ba. Wanda ya yi tanadi ya saya wa 'ya'yansa, akwai hakkinsa a wuyan kamfani. Muddin akwatin yana aiki a gidaje masu yawa, bai kamata a yanke masa faifai ba.