Akwatin da ke bayan kujerar yara

'Yar'uwa, in Baban yara ya ce zai gyara rediyon mota, ki tambayi inda za a ɗora sifikokin. Ni ban tambaya ba.

Namu ya kai motar wajen mai wayarin a Sabon Gari, aka cire sifikokin kamfani aka sa manya, aka ƙara amfilifaya da wani ƙaton akwati a but. Gaskiya sauti ya fito, kalangun Shata kamar a gabanki ake kaɗa shi. Har buhun masarar da ya rasa wuri na yafe.

Rannan mun taso daga Jushi za mu Samaru, muna Kwangila na waiwaya, sai ga autata ta toshe kunnuwa da hannu biyu tana hawaye. Ashe akwatin jingine yake da bayan kujerarsu. Abin da muke ji daidai a gaba, su a kansu yake sauka. Kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Yanzu an mayar da sautin gaba, an rage na akwatin. In sai na ɗaga murya kafin ya ji ni, da kaina nake miƙa hannu in rage. Yakan ɗan haɗa rai, amma bai taɓa mayarwa ba.