Anini Uku a Kafaɗar Saje

Daga Zariya zuwa Kaduna, ko ba ka nemi soja ba sai ka gan shi. Ka baro garin da ake horar da kurata tun 1924, ka ratsa Jaji inda kwalejin manyan hafsoshi take tun 1976, ka iso Kawo ga barikin Dalet. Na sauka a nan rungume da wani katako da na naɗe cikin zani, na shiga keke muka bi shataletalen Mando, muka hau babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, tireloli na ta watsa mana ƙura. Muka gifta Kurmin Mashi da Panteka da Bakin Ruwa, sai ga Kinkinau.

Hoton kakanmu ne a cikin zanin, zanen fenti da damina ta fara ci. An kwatanta mini wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana zana bayan manyan motoci, yanzu ya koma rubuta allunan makarantun Islamiyya da na masu kemis. Na same shi a ƙofar shago yana wanke buroshi da kananzir.

Cikin shagon ne ya ɗauke mini hankali. Tsofaffin alluna jingine da bango, kowanne da hafsa cikin kaki, wani fentin ya dusashe, wani gara ta taɓa. Murtala ya fi yawa. Dattijon ya ce bayan an kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, direbobi layi suke yi a zana musu shi a bayan mota, da aka sa fuskarsa a takardar naira ashirin a 1977 kuwa sai aiki ya yi sauƙi, daga aljihu ake ciro samfur. Ga Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, gwamnan soja na Arewa a 1966, an zana shi da ɗan murmushi. Can ƙurya ga Birgediya Zakariya Maimalari, wanda aka kashe a Legas daren 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna a nan Kaduna. Dukansu uku Barewa ta yaye su, Sandhurst ta Ingila ta ɗaura musu anini.

Na ce, "Baba, sauran shugabannin soja fa?"

Ya ce, "Ɗana, ni wanda aka biya ni in zana nake zanawa."

Ofisoshin gwamnati dole ne su rataye hoton duk wanda ke kan mulki. Direban da ya cire kuɗin guminsa ya sa a zana masa wani, babu mai tilasta shi. Shi ya sa na fi yarda da waɗannan allunan a kan jerin hotunan da ke bangon kowace ma'aikata.

Da na kwance zanin ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya. Jar dara daidai take, ya ce, da 'yar rigar nan ja da ɗamara da gajeren wando, kayan fareti ne na rundunar Afirka ta Yamma. Ya ɗora yatsa a kafaɗar kaka. "Wa ya ba shi waɗannan?"

Anini uku ne, alamar kyaftin. Kaka kuwa saje ne, igiya uku a hannu, ya yi yaƙin Bama. Dubban 'yan Arewa sun je can cikin runduna ta 81 da ta 82, amma hafsoshin da ke kansu Turawa ne. Sai a ƙarshen shekarun 1940 'yan Najeriya suka fara zama hafsoshi, Maimalari kansa a 1953 ya fito. Ko Chari Maigumeri, da ya fara yi wa Jamus soja kafin Ingila, ya tara lambobin yabo a yaƙin duniya biyu, samanja ya tsaya. Sai da ya zo ajiye aiki aka ba shi kyaftin na girmamawa.

Dattijon ya ce wannan tsohuwar al'ada ce ta masu zane. Iyali za su kawo ɗan ƙaramin hoto baƙi da fari na wani cikin mazan jiya, su ce a gyara shi, mai zane ya ɗauke ukun daga hannu ya mayar kafaɗa, a ƙara masa wani abu a kan kuɗin aiki. Shi ma ya yi, ba sau ɗaya ba, kuma bai ga laifinsa ba, tunda gwamnati ta hana su, buroshi ya ba su.

Ni dai na ce a mayar wa kaka igiyoyinsa, don su ya sha wuya a kansu a dajin Bama. Ya ce to, amma goge anini ya fi zana shi tsada, sai an kankare fentin har katako. Muka yi ciniki, na ba da rabi, ya ce in dawo bayan sati biyu, in biya ta kasuwa in sayo masa jan fenti mai kyau saboda darar.