El Valle, garin da ke jiran kwaɗonsa

Daga birnin Panama zuwa El Valle de Antón tafiyar kamar awa 2 ce a mota. Garin na zaune a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, ga sanyi, ga ƙoramu ta ko'ina. Da shigarka kasuwa za ka ga kwaɗo ruwan zinariya mai ɗigon baƙi a jikin riguna, a bango, har da na sassaƙa. Mutanen ƙasar suna ɗaukarsa alamar sa'a, kuma sun ware masa ranar 14 ga Agusta a kowace shekara. Sai dai rabon da a gan shi a daji tun 2009.

Abin da ya cinye shi cutar fata ce mai suna kitirid, irin ta fumfuna, kamar yadda makero ke kama fatar mutum. Amma shi kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa da gishirin jiki, don haka idan ta yi kauri sai zuciya ta tsaya. A 2004 mai bincike Karen Lips ta ga yadda cutar ta share kwaɗin yankin El Copé cikin 'yan watanni, a 2006 kuma ta iso El Valle.

Nan ne mutanen suka burge ni. Edgardo Griffith da matarsa Heidi Ross, tare da masu taimaka musu, suka bi rafuka suna kwashe kwaɗi kafin cutar ta riga su. Ba a gama ginin cibiyar da za a ajiye kwaɗin ba, sai aka sauke su a ɗakunan otal! Yau jikokinsu na cikin akwatunan gilashi, ana kiwata musu gyare da ƙananan ƙudaje. Na daɗe ina kallon wani yana ɗaga hannu a hankali kamar mai gaisuwa, dabarar da suke yi wa juna magana da ita saboda ƙarar ruwa tana danne kukansu.

To me ya hana a mayar da su gida? Cutar ba ta tafi ba. An saba annoba ta lafa idan ta rasa wanda za ta kama, ita kuwa wannan tana da masauki: wasu jinsunan kwaɗi na ɗauke da ita ba ta kashe su, 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya na riƙe ta a baki, ƙwayoyinta na iyo a ruwa, sanyin tsaunin kuma ya yi mata daidai. Binciken da Jamie Voyles ta jagoranta a 2018 ya nuna wasu jinsunan sun fara farfaɗowa, alhali cutar na nan da dafinta. Su ne suka ƙara juriya. Wanda aka kashe kaf kuwa bai bar iri a daji da zai koyi jurewa ba.

Idan Allah ya kai ka can, ka tsabtace takalminka kafin ka bar wani rafi zuwa wani, don laka ma tana ɗaukar cutar.