Tsohon jirgin ƙarfe a gaɓar Yauri

Wanda ya biyo hanyar Sakkwato ta Jega da Koko, ya ratsa ƙasar Shanga ya sauka Yelwan Yauri, zai ga inda kogin Neja, wanda mutanenmu ke kira Kwara, ya fara buɗewa ya zama tafki. Wannan tafki bai kai kakanninku shekaru ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya yi tsawon kilomita kusan 135, ya haɗiye tsibirai da gonaki da tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Mutum fiye da dubu 40 aka tayar daga gidajensu, cikinsu har da Gungawa masu yawa. Gidaje sun tafi, amma itatuwa da dama sun tsaya a inda suke. Har yau kututturansu na nan ƙarƙashin ruwa, matuƙi ba ya ganinsu sai jirginsa ya hau kansu.

A hutun da ya wuce na yi kwana uku ina zagaya bakin ruwan. Jiragen katako ne ko'ina, dogaye, da inji a gindi, ana loda musu buhunan shinkafa da albasa da babura da mutane. Can gefe kuwa, inda yara ke wanka, na tarar da gangar wani tsohon jirgin ƙarfe kwance a laka. Tsatsa ta cinye fentinsa, awaki na shan inuwa a jikinsa. Bayansa fili ne shimfiɗaɗɗe, irin ƙirar jiragen da ke jan koma. Ba baƙon abu ba ne a nan, don a shekarun 1970 masu binciken kifi na New Bussa sun gwada jan koma da jirgin inji domin kama warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana.

Abin da ya sa na daɗe tsaye a gabansa shi ne ranar 26 ga Mayu, 2021. A ranar wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse tsakanin gaɓar Jihar Neja da Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Kimanin ashirin aka ceto da rai. Masunta da masu nutso na garuruwan bakin ruwa ne suka yi ta shiga suna fito da gawarwaki, mafi yawansu ba su da komai sai numfashin da ke ƙirjinsu.

A wasu ƙasashe irin wannan tsohon jirgi ake gyarawa ya zama jirgin masu nutso. A Scapa Flow da ke arewacin Sikotilan, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu a 1919, da yawa daga jiragen da ke kai masu nutso tsofaffin jiragen kamun kifi ne. Suna da ƙwari, ba sa yawan tangaɗi, ga fili a baya na shirya kaya, ga na'urar jan igiya da za ta iya ɗago abu mai nauyi.

Gyaran ba fenti ba ne, ƙannena. Da farko a jawo jirgin tudu, a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana. Sannan a bi shi da guduma ana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe na amsawa da kaifin sauti, wanda ya ci kuwa sai ka ji shi dum-dum. Injiniyoyi na da ƙaramar na'ura mai auna kaurin ƙarfe da sautin da kunne ba ya ji. Inda ya sirance, yanke shi ake yi a yi waldar sabo. Liƙa faci a kan ruɓaɓɓe ɓoye ciwo ne kawai, tsatsar na ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Tankin mai kuwa sai an wanke shi tas an fitar da tururin da ke ciki kafin wutar walda ta kusance shi, in ba haka ba ya fashe. Bayan fenti kashi-kashi, sai a ɗaura wa gindin jirgin 'yan curin maganiziyom, tsatsa ta riƙa cin su ta ƙyale gangar. Masu karatun kimiyyar sinadarai, wannan darasin yana cikin littafinku na aji biyar.

Sai kayan nutso: tsani mai ƙarfi, fitilu, igiyoyi, rigunan ceto, da injin cika tukwanen numfashi. Mutane kan ce "tukunyar oksijin", alhali iskar da muke shaƙa ce aka matse a ciki. Dole bakin da injin ke zuƙar iska ya yi nesa da salansa, don hayaƙi kaɗan a tukunya ya isa ya sumar da mutum a ƙasan ruwa. Kowace mita 10 da ka nutsa, nauyin da ke danne ka na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, kuma wanda ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa, kumfa na iya fitowa a jininsa. Ɗan Sarkawa da ya tashi cikin ruwa ma sai an koya masa wannan.

Tafkin kansa na da sharuɗɗa. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwan damina ke shigowa da laka, ba ka ganin tafin hannunka, sai lalube. Wajen Disamba kuma ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini yake isowa a tace. Tsakanin cika da janyewa ruwan na sauka mita da yawa a shekara, saboda haka jirgi mai zurfin gindi zai maƙale tun kafin ya kai tsibirai. A ganina ƙaramin jirgi mai faɗin ciki ya fi dacewa, a ajiye shi Wara ko Yelwa da mai a tanki, matuƙinsa kuma ɗan gari wanda ya san mazaunin kowane kututture.