Goron Gwanja da Abin da Ba a Faɗa Mana Ba



A gidanmu a Kano, idan aka tashi yin alfahari da asali, da Gwanja ake farawa. Mu Agalawa ne, kuma tun ina ƙarami nake jin labarin kakan kakata, wanda ya sha bin ayari watanni a ƙasa, ya kai kanwa da tufafi, ya dawo da jakuna niƙi-niƙi da goro. Da wannan tinƙaho na zo Landan yin digiri na biyu, har nakan gaya wa abokaina 'yan Gana cewa mun san ƙasarsu tun kafin Bature ya ja iyaka.

A hutun hunturun da ya wuce ne ɗaya daga cikinsu ya ara mini littafin ƙagaggen labari na Ayesha Harruna Attah mai suna The Hundred Wells of Salaga, wato rijiyoyi ɗari na Salaga, wanda ya fito a 2018. Salaga ita ce babbar kasuwar Gwanjan da fatakenmu suke dosa. Labarin mata biyu ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da rikicin sarauta ya kai ga yaƙin basasar 1892: Wurche 'yar gidan sarauta, da Aminah wadda mahara suka ɗauke daga ƙauyensu aka mai da ita baiwa. Marubuciyar ta bayyana cewa a cikin kakanninta akwai wadda aka sayar a wannan kasuwa. A dare biyu na gama littafin, amma barci ya ƙaurace mini, domin kasuwar da nake taƙama da ita, ashe ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba.

Na ce wa kaina ai ƙagen marubuciya ne, bari in nemi masana tarihi. A laburare na ɗauko Caravans of Kola na Paul Lovejoy, na 1980, wanda ya bi diddigin fataucin goron Hausawa daga 1700 zuwa 1900. Ga mu nan a ciki, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ga tsarin ayari da madugu a kan gaba. Sai dai ga bayi ma a ciki, wasu suna dakon kaya, wasu su ne hajar. Na haɗa da A Fistful of Shells na Toby Green, na 2019, wanda ya nuna yadda wuri yake kwararowa Afirka ta Yamma a jiragen Turawa, mutane kuma suna fita. Masana ba su ƙaryata marubuciyar ba. Bambancin kawai shi ne, su hanya da ciniki suka nuna mini, ita kuwa ta sa na tsaya a gaban mutum guda mai uwa da ƙanne.

Ranar Juma'a na kira kakata a waya.

"Hajiya, shin kakanki ya taɓa zuwa da bayi daga Gwanja?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai mai gidan, karatun da aka tura ka ke nan? A bar kaza cikin gashinta."

Da na nace, sai ta ce lokacin tana yarinya akwai wata tsohuwa a gidan mai tsagar da ba irin tamu ba, ita ta goye su duka, kuma idan tana daka takan yi waƙa da wani harshe da babu mai ji. Na tambayi sunanta na yanka da garinsu. Ta ce babu wanda ya taɓa tambaya.

Wannan amsa ita ta fi ci mini rai. Muna iya jero sunayen zangunan da kakanmu ya yada, amma ba mu san sunan matar da ta raini gidanmu ba. Kuma ba wai ba a taɓa gaya mana ba. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema. Na karanta shi a sakandare don in ci jarrabawa, ban taɓa kawo gidanmu a raina ba. Alhali sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, wato zamanin iyayen kakanninmu.

Ban daina alfahari da kakan kakata ba, amma yanzu idan na ba da labarinsa, da tsohuwar nan nake haɗawa.

Shawarata gare ku 'yan'uwa, laburaren da muke da su a nan ba kullum za mu same su ba. Ku ɗauki ƙagaggen labari ɗaya da littafin tarihi ɗaya a kan yankinku, ku karanta su tare, sannan ku kira tsofaffin gida tun suna raye. Waiwaye adon tafiya ne, ko da abin da za a hango bai yi daɗi ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda ba mu sani ba.