Tumatir a Kwalba, Kuɓewa a Rana

Duk mai ɗan lambu a bayan gida ya san halin tumatir. Ba ya nuna da ɗai-ɗai, gaba ɗaya yake zuwa, daidai lokacin da motocin Akumadan suka cika kasuwar Kumasi da shi, ko kyauta ba mai karɓa. Bayan wata uku kuwa, sai ka ji uwargida tana kukan tsada.

Kakanninmu a Arewa yankawa suke yi su shanya. Amma nan ƙasar Asante damina biyu ce, ga laima, kafin kauɗa ta bushe ta yi funfuna. Shi ya sa a gidana muka koma ga kwalba, watau dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya buga littafi a kanta a 1810.

Mukan ɓare tumatir, mu dafa, mu zuba da zafinsa cikin kwalba mai cin lita 1. A kowace sai mu sa babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, irin na kanti, don tsaminsa ba ya sākewa. Sa'an nan a rufe da sabon murfi, a jera cikin tukunya, ruwa ya sha kansu, su tafasa minti 45. Ni ke manna takarda in rubuta kwanan wata, halin akawu ba ya ɓuya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na ji wasu mata sun fara zuba kuɓewa da ɗanyen wake a kwalba ta wannan hanya. Don Allah ku bari. Akwai wata ƙwayar cuta cikin ƙasa wadda tafasar ruwa, digiri 100, ba ta kashe irinta, sai zafi ya kai wajen 121, a tukunya ta musamman mai riƙe tururi. Tsami ne ke hana ta motsi, kuɓewa kuwa ba ta da shi. In ta sami kwalba rufaffiya ba iska, sai ta saki dafi mai shanye jiki, har numfashi ya tsaya. Sau da yawa ba wari, ba alama. Wadda murfinta ya kumbura, ko ta tumatir ce, a binne ta, kada ko a ɗanɗana.

Kuɓewa dai mukan shuka ta baya-baya, yadda za ta zo kusa da hunturu a watan Disamba. Sa'an nan a yanka sirara, a baza a tabarma bisa rufin kwano, a daka.