OSAKA: INDA ABINCI KE ZUWA WURIN MAI CI DA KANSA

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabas mai nisa, ruwan teku ya kewaye ta. Osaka na cikin manyan biranenta, mutanensa sun fi miliyon 2 da rabi. Tun zamanin da ake kiransa madafar ƙasa, don nan ne babbar kasuwar shinkafa take.

A tsakiyar birnin akwai unguwar Dotonbori, bakin wata hanyar ruwa da aka gama haƙawa a shekarar 1615. Da magariba fitilu su kama, gidajen cin abinci jere, ƙofa na bin ƙofa. Magidanci ya taso daga aiki, ya ɗauko uwargida da yara, wani lokaci har da kaka.

Gidan da yara suka fi so shi ne mai abinci mai yawo. Iyali su zauna kusa da wata siririyar hanya da lantarki ke ja. Bisa hanyar ƙananan farantai ne ke wucewa sannu sannu. Kowane faranti na ɗauke da loma biyu ta shinkafa da yankan kifi ko ƙwai bisa. Sunan abincin sushi. Yawancin kifin ɗanye ne, amma sabo ne, an aje shi cikin sanyi. Wanda ya ga abin da ransa ke so sai ya miƙa hannu. In an ƙare, a ƙirga farantai, a biya. A gidaje da yawa launin faranti ke faɗin kuɗinsa, ta haka maigida ya san iyakar aljihunsa.

Wani mai gidan abinci, Yoshiaki Shiraishi, shi ya ƙago dabarar. Ya rasa ma'aikata, sai ya ga yadda kwalabe ke tafiya cikin wata masana'antar giya. A 1958 ya buɗe gidan farko gabas da Osaka. Babban baje kolin duniya na 1970 ya sa dabarar ta yaɗu.

Ba a manta da ƙanana ba. Akwai kujerar yaro, akwai cokali ga wanda bai iya tsinkaye biyu na cin abinci ba. Yajin nan kore mai hawa hanci, wasabi, ba a sa musu shi. A bakin titi kuma ana toya takoyaki cikin tanda, kamar masa, da naman wata dabbar teku mai hannuwa 8. Baƙo Musulmi sai ya tambaya kafin ya ci, don wasu abincin da naman alade ko giya ciki.

A nan yaro ke koyon darajar hatsi. Kalmar gohan na nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci duka. Iyaye na hana barin ko ƙwaya ɗaya. Suna cewa aiki 88 manomi ya yi kafin ta iso baki.

Amma akwai damuwa. Samari sun bar ƙauye sun tafi birni, yawancin manoman Japan sun haura shekara 65. A 1962 mutum ɗaya na cin shinkafa kilo 118 a shekara, daga baya ya koma wajen kilo 50. Aka rage noma. Zafin 2023 ya ɓata amfanin gona, a 2024 shinkafa ta yi wuya a shaguna. A 2025 kuɗinta ya ninka, har gwamnati ta buɗe rumbunta na ajiya.

Na'ura ta iya kai faranti gaban yaro, amma ba ita ke cika shi ba. Ko a Dotonbori, in gona ta gaza, faranti wofi zai yi ta yawo.